Filin Mushen Lissafi: In x Ya Haye Sama, Da Me Ake Sauko Da Shi?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk ƙofa ɗaya suka ƙwanƙwasa, ko da yake masu su ba su san juna ba. Ban yi mamaki ba. Zafi ya kankama, mangwaro ya cika bakin tasha, jarrabawar Bak ta gama lise ta ƙarato, kuma kowace shekara war haka logaritim, wanda ake taƙaita rubutunsa da ln, ke hana ƴan Tarminal, wato ajin ƙarshe, barci. Na zaɓi biyar. Kafin mu shiga, ga ƴar sanarwa saboda maƙwabta: mu nan Maraɗi waƙafi muke sawa tsakanin lamba da guntunta, yadda aka koya mana a lakwal, wato 2,5 biyu da rabi ke nan. Mutanen Katsina da Kano, ku mai da shi ɗigo, ba abin faɗa ba ne.

Tambaya: Mushe, ina Tarminal D a wata lise ta nan cikin gari. A jarrabawar gwaji an ba mu 3e²ˣ + 4 = 25. Na sa ln hagu da dama, na rubuta ln 3e²ˣ + ln 4 = ln 25, na ci gaba har na fitar da amsa. Mushenmu ya ja jan layi tun daga farkon aikin, ya ba ni sifiri, bai rubuta komai ba sai "a'a". Alhali shi ya ce mana in mun ga x a sama mu sa ln. Ina laifina?
*Ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi*

Amsa: Ƴata, jan layin na bisa hanya, ƙorafinki ma na bisa hanya. "A'a" kaɗai ba gyara ba ce. Ba zan yi wa mushenki shari'a ba, don ni ma na sha yin wannan rowar biro: takarda tamanin a gabanka, an ɗauke wuta, gumi na ɗiga bisa kaye, sai hannu ya gajarce magana. Bari in biya miki bashin da ya ci.

Mu fara da amsarki. Ba ki faɗa mini ita ba, amma na bi sawunki. In aka bi layin da kika rubuta, x zai fito 0,367. To mai da shi gidansa mu gani. 2x ya zama 0,734. A ɗora shi bisa e (lamba ce, kimanin 2,718, za mu zo kanta), a samu 2,083. Sau uku, 6,25. A tara 4, ga 10,25. Ana neman 25. Da kin yi wannan gwajin a ɗakin jarrabawa, aikin minti ɗaya, da ke da kanki za ki ja layin kafin mushe ya ja.

Inda ƙafarki ta zame shi ne kin raba ln bisa abubuwan da aka tara. Kin ɗauka ln(a + b) ɗaya yake da ln a + ln b. Gwada da lambar da ta fi kowace sauƙi: ln(1 + 1) shi ne ln 2, wato 0,693. Amma ln 1 + ln 1 sifiri ne da sifiri. Ba su haɗa hanya ba. Na san abin da ke jan hannu zuwa wannan kuskure. Tun kuna ƙananan azuzuwa kun saba 3(a + b) ya zama 3a + 3b, sai ido ya ga "ln" a gaban baka ya ɗauke shi shi ma wata lamba ce da ke ninka abin da ke ciki. Ln ba lamba ba ne. Tambaya ce.

Ɗauki biro ki rubuta 2, 4, 8, 16, 32, 64 a jere. Ƙarƙashinsu ki rubuta 1, 2, 3, 4, 5, 6. Layin ƙasa yana gaya miki biyu nawa aka ninka da juna kafin a iso lambar da ke sama. Yanzu ki ninka 4 da 8, ki samu 32. Dubi ƙasa: ƙarƙashin 4 akwai 2, ƙarƙashin 8 akwai 3, ƙarƙashin 32 akwai 5. Ninkawa a sama ta zama tarawa a ƙasa. Wannan layin na ƙasa shi ne logaritim, ba wani aljani a ciki. Yanzu ki tara 4 da 8, ki samu 12, ki nemi abin da layin ƙasa zai ce. Ba shi da abin cewa. Logaritim da ninkawa ya yi alkawari, bai taɓa yi da tarawa ba.

Wanda ya fara shirya irin wannan jeri da gaske shi ne John Napier, mutumin Sikotilan, wanda ya wallafa teburinsa a 1614 bayan ya shafe wajen shekara 20 yana lissafi da hannu. Faransawa Neper suke ce masa, shi ya sa a lise kuke jin "logaritim neperiyen", duk da cewa nasa teburin bai yi daidai ƙwabo da ƙwabo da ln ɗinmu na yau ba. A ln, maimakon 2, tushen jerin wata lamba ce da ake kira e, kimanin 2,718. In kin ga ln 7, abin da ake tambaya shi ne: me za a ɗora bisa e ta zama 7? Amsa 1,946. In kuma kin ga ln e²ˣ, tambayar ta zo da amsarta a goshi: me aka ɗora bisa e? 2x. Shi ke nan dalilin da ya sa ln ke sauko da x.

Amma sai e na tsaye ita kaɗai. Ga yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Abin da kike nema yana bisa rumbu, ln kuma tsani ne. Tsani jikin rumbu ake jingina shi. In akwai amalanke a gindin rumbun, ga akuya ɗaure a jikin amalanken, ba ki jingina tsani bisa akuya. Ki kwance akuya, ki ture amalanke, sannan ki hau. A lissafinki 4 ce akuyar, 3 ce amalanken.

3e²ˣ + 4 = 25
3e²ˣ = 21
e²ˣ = 7
2x = ln 7
x = (ln 7) ÷ 2, kimanin 0,973

Layi biyar. Ki lura ln bai shigo ba sai a na huɗu. A takardar Bak ki bar amsar da ln 7 ɗinta a jiki, sannan ki ba da 0,973 a gefe in an nema, don 0,973 kusa ce kawai, ita kuwa ta farkon ita ce ainihi.

Tunda kin taɓo wurin, bari in nuna miki ramuka biyu da ke gaba, don bana ma za su ci mutane. Na farko, in tushen ba e ba ne, kamar 5ˣ = 40. Nan ma ln ke aiki, saboda dokar da ta ce ln aⁿ daidai yake da n × ln a. Sai ki samu x × ln 5 = ln 40, wato x = ln 40 ÷ ln 5 = 3,689 ÷ 1,609, kimanin 2,292. Kowace shekara sai na samu wanda ya dubi ln 40 ÷ ln 5, ya ga 40 da 5, ransa ya biya, ya rubuta ln 8. Ln 8 shi ne ln 40 a ɗebe ln 5, ba a raba ba. Yana ba da 2,079, kuma in ka ɗora wannan bisa 5 abin da za ka samu bai wuce 28 da ɗoriya ba.

Rami na biyu ya fi zurfi: e²ˣ − eˣ − 6 = 0. Nan rumbu biyu ne, kuma duk yadda kika ture ba za ki bar e ɗaya ita kaɗai ba. Dabarar ita ce ki gane e²ˣ ba komai ba ne illa eˣ sau eˣ. Ki raɗa wa eˣ sabon suna, ki ce da shi babban X. Lissafin ya koma X² − X − 6 = 0, tsohon sani tun Sagwand, ajin farko na lise. X = 3 ko X = −2. Daga eˣ = 3 kin samu x = ln 3, kimanin 1,099. Daga eˣ = −2 ba ki samu komai ba, domin duk abin da kika ɗora bisa e, sakamakon sama da sifiri yake. Kada ki tsallake wannan shiru. Rubuta a fili cewa an yar da −2 kuma ga dalili, don akwai maki a wannan jimlar. Na taɓa gyara takardar wani yaro da ya rubuta x = ln(−2), ya ja masa layi biyu da rula, tsaf-tsaf, kamar mai shirin kai wa sarki. Na daɗe ina kallon tsabtar aikin kafin in sa jan biro.

Ga naki na gida: 5e³ˣ − 8 = 52. Ki nemo akuya, ki nemo amalanke, ki mai da amsar gidanta kafin ki aiko mini.

Tambaya: Mushe, na sayi babur sabo jika 600 (jika guda sefa 1000 ce) ina kabu-kabu da shi. Masu sayar da na hannu sun ce mini kowace shekara babur na zubar da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Ina so in rabu da shi kafin ya faɗo ƙasa da jika 200. Ni na lissafa jika 120 kowace shekara, na ga shekara uku da wata huɗu ke gare ni. Ƙanena ɗan lise ya yi da ln, amsarsa ta fito "n ƙasa da 4,92", shi kansa ya kasa gaya mini ma'anarta. Wa zan bi?
*Mai kabu-kabu, Sabon Gari*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bi kowa a cikinku tukuna. Kai ka ɗauka babur jika 120 yake zubarwa kowace shekara. A shekarar farko kaɗai haka take. Kashi ɗaya cikin biyar ɗin na kuɗin da ya rage ne, ba na ranar da ka fito da shi daga shago ba. Bi shi da kanka: 600 ya koma 480, sai 384, sai 307, sai 246, sai 197. Zubarwar na raguwa yadda kuɗin ke raguwa. Sai a cikar shekara ta biyar zai leƙa ƙasa da 200.

Ka ga mun samu amsa ba tare da ln ba, kuma ba laifi a yi haka in matakan biyar ne. Ranar da suka zama arba'in, hannu zai gaji. Hanyar ƙanenka ita ce gajeriya, kuma ya kusa isa. Abin da ya rage bayan kowace shekara kashi huɗu ne cikin biyar, wato 0,8. To ana neman n da zai sa 600 × 0,8ⁿ ya gaza 200. A raba da 600, 0,8ⁿ ya gaza sulusi. A sa ln: n × ln 0,8 ya gaza ln na sulusi. Na'ura ta ce ln 0,8 = −0,223, ln na sulusi kuma −1,099.

Nan ya yi tuntuɓe. Duk lambar da ke tsakanin sifiri da ɗaya, ln ɗinta ƙasa da sifiri yake, saboda ln 1 shi ne sifiri. In kuwa za ka raba da lambar da ke ƙasa da sifiri, sai bakin alamar ya juya, "ƙasa da" ta koma "sama da". Ka san wannan a aljihunka ko ba ka san shi a allo ba: biyar ta fi biyu, amma wanda ake bi jika biyu ya fi wanda ake bi jika biyar kwanciyar hankali. In kiɗa ya juya, rawa ma sai ta juya. Amsar ita ce n sama da 4,92. Ka ce wa ƙanenka ya riƙa mai da amsa cikin Hausa kafin ya yarda da ita. "n ƙasa da 4,92" na nufin babur ɗinka tun ranar da ka saye shi bai kai jika 200 ba, sai ya tsufa zai yi daraja. Da ya faɗi haka da baki da ya ji abin bai zauna ba.

Wannan duka bisa maganar dillalai muka gina shi. Babur ɗin da ke yini cikin rairayin ƙauyuka da buhu biyu a baya, da wanda ke bin kwalta ana canza masa mai a kan kari, ba kashi ɗaya suke zubarwa ba. Wannan kuma bakanikenka ya fi ni sani.

Tambaya: Malam, na ji a rediyo ana cewa jama'ar Nijar na ninkawa cikin ƙasa da shekara ashirin, wai don muna ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Ni na raba 100 da 3,9 na samu shekara 25 da rabi da ɗan kai. Ko ƴan rediyo na zuzutawa ne? Sannan wannan harafin e da jikana ke ta cika kaye da shi, daga ina ya fito?
*Tsohon ma'aikaci mai ritaya, Mokoyo*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƴan rediyo ba su zuzuta ba a wannan karon. Lissafinku zai yi daidai da a ce waɗanda aka haifa ba su haihuwa. Amma ƙarin bana yana shiga cikin uwar kuɗi, baɗi da shi za a lissafa. Duk mai kiwon awaki ya san ƴar akuyar bara ita ce uwar bana.

Ga inda 3,9 ɗin ta fito. Ƙidayar 2001 ta sami mutum 11 060 291 a Nijar. Ta Disamban 2012 ta sami 17 138 707. A raba ta biyu da ta farko, a samu 1,55. Ln na 1,55 shi ne 0,438. Tsakanin ƙidayoyin shekara 11 da rabi ne, a raba, a samu 0,038 a shekara, wanda in aka mai da shi ƙarin shekara-shekara yake ba da kashi 3,9 cikin ɗari. Yanzu tambayarku: shekara nawa kafin a ninka? Kowace shekara ana ninka jama'a da 1,039, ana neman t da zai sa 1,039ᵗ = 2. Babu akuya, babu amalanke, sai a jingina tsani kai tsaye: t = ln 2 ÷ ln 1,039 = 0,693 ÷ 0,0383, wato shekara 18 da ƴan makonni. Tsakanin 18 da 25 akwai shekara bakwai, kuma a cikin shekara bakwai ɗin nan ne mai gina azuzuwa da mai haƙa rijiya ke shan mamaki. Ku da kuka ga garin nan tun yana tattare kusa da fadar sarki da kasuwa, kuka ga gonakin gero sun zama unguwanni masu suna, ba sai na kawo muku shaida ba.

Ku dubi wani abu a lissafin nan, don yana da daɗi. Ln 1,039 ya fito 0,0383, kusan 0,039 ɗin da muka fara da shi. Haka ln yake da ƙananan ƙari, kusan yakan maido maka abinka. Saboda haka ba sai da na'ura ba: ln 2 kusan 0,7 ne, to ku raba 70 da kason ƙarin, ku samu shekarun ninkawa. 70 a raba da 3,9, kusan 18. Ba 100 za ku raba ba, Baba, 70 ce. In farashin tiyar gero na hawa kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, cikin shekara bakwai da ɗan kai ya ninka. In ƙarin ya yi girma sosai, kamar kashi 50, dabarar takan fara kaucewa, sai a koma ga ln ɗin kansa.

Sai dai ln bai san gaibu ba. Abin da ya ce shi ne: in gudun bai canza ba, ga ranar isa. Ko gudun zai canza, wannan maganar aure ce da karatu da asibiti da damina da ƙaura, kuma ƙidaya ce kaɗai ke iya faɗa. Na fi jin haushin mai ɗaukar kashi ɗaya ya ja shi shekara ɗari gaba yana tsorata mutane, bisa wanda bai iya lissafin ba sam.

Batun e kuwa, asalinta daga lissafin kuɗin ruwa ne. Na san matsayin kuɗin ruwa a addininmu, tarihi nake ba ku, ba fatawa ba. A 1683 wani masani mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, ya yi wannan tambayar: in aka ajiye kuɗi bisa sharaɗin su ninka a shekara, me zai faru in ana lissafa ƙarin a kai a kai maimakon a jira ƙarshen shekara? Mu sa jika guda, sefa 1000. In sau ɗaya aka lissafa, 2000. In an raba biyu, rabi a wata shida, rabi a ƙarshe, 1000 ya zama 1500, 1500 ya zama 2250. In sau huɗu, 2441. In kowane wata, 2613. In kowace rana, 2715 saura kaɗan. Mutum zai zaci in aka koma kowane minti abin zai tashi sama ba iyaka. Ina! Yana zuwa 2718 da ƴan gutsattsari ya ƙi gaba. Wannan katangar, 2,71828 da abin da ya biyo baya ba ƙarshe, ita ce e. Harafin kuma Leonhard Euler ne ya raɗa mata, shi ma haifaffen Basel, kuma ya fito a bugaggen littafinsa a 1736.

Abin da ya sa malaman kimiyya suka riƙe ta shi ne duk abin da ke ƙaruwa ko raguwa ba tsayawa, gwargwadon yawansa a wannan lokacin, da e yake tafiya. Jama'a ba ranar 31 ga Disamba suke haihuwa gaba ɗaya ba. Maganin da aka sha ba da ƙarfe goma yake fita daga jini tashi ɗaya ba. Shayin da aka sauke daga gawayi a hankali yake hucewa, da sauri da farko, sannan sannu-sannu. Jikanku zai ƙara muku da cewa eˣ ita ce wadda in aka nemi saurin hawanta sai a sake samun ita kanta. In ya kasa bayyana wannan, ku turo mini shi.

Tambaya: Malam, mu a makarantarmu log aka fi koya mana, ku kuma na ga ln kuke ta yi. Wanne ne na gaskiya?
*Ɗalibi, Jibiya*

Amsa: Ɗana, duka biyun. Mudu da tiya ne, hatsin ɗaya. Log na bisa na'ura tushensa 10, aikin Henry Briggs na Ingila ne, wanda ya je har wurin Napier suka daidaita a kai. Ln tushensa e. Ln na kowace lamba ya ninka log ɗinta sau 2,303. In lissafin irin 5ˣ = 40 ne, ɗauki wanda ka ga dama: log 40 ÷ log 5 = 1,602 ÷ 0,699, ga 2,292 ɗin nan dai. In kuwa e ce a ƙasa, kamar e²ˣ = 7, ln ne ke share ta nan take. Wanda ya danna log 7 ya samu 0,845 ya ce shi ne 2x, ya auna da tiya ya biya kuɗin mudu. Maɓallan biyu maƙwabta ne a na'ura, ka duba kafin ka danna. In da salula kake aiki ba ka ga ln ba, a yawancinsu sai ka kwantar da ita a gicciye sauran maɓallan ke fitowa. Amma ka saba da na'urar gaske, don ba a shiga ɗakin jarrabawa da salula.

Tambaya: Mushe, ta yaya ake sanin shekarun tsohon ƙashi ko itacen da aka tono, alhali ba wanda ya rubuta ranar? Wani abokina ya ce ƙiyasi ne kawai na Turawa.
*Mai karatu, Tibiri*

Amsa: Malam, akwai awo a ciki, kuma lissafinsa ɗan'uwan na mai babur ne. Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14, wanda yake samu daga iska da abinci. Ranar da ya mutu shigowa ta tsaya, wanda ke jiki ya fara lalacewa, kuma rabinsa ke tafiya a kowace shekara 5730. Willard Libby na Amurka ne ya fito da wannan hanyar awo a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma awon kabon ya nuna ya kai wajen shekara 8000, yana cikin mafi tsufan jiragen ruwa da aka taɓa tonowa a duniya.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Mu ƙaddara an auna wani guntun itace aka tarar kashi 40 cikin ɗari na kabon-14 ɗinsa ya rage. Tambayar ita ce sau nawa aka raba biyu: 0,5ⁿ = 0,4. Sai n = ln 0,4 ÷ ln 0,5, wato −0,916 a raba da −0,693. Ɗebewa biyu sun cinye juna, n ya fito 1,322. Rabawa ɗaya ke nan da kusan sulusin ta biyu. A ninka da 5730, a samu wajen shekara 7575.

Inda abokinka ke da ɗan abin riƙewa shi ne ba a faɗin irin wannan amsar kamar ranar suna. Yawan kabon-14 a iska ya ɗan yi hawa da sauka a tsawon zamani, shi ya sa masu awon ke gyara lissafinsu da zoben cikin tsofaffin itatuwa, waɗanda ake ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan su ba da amsa da ƴan shekarun ƙari ko ragi a gefenta. In abu kuma ya haura wajen shekara 50 000, abin da ya rage na kabon-14 ya yi ƙanƙantar da ba a dogara da shi, sai a nemi wani ma'aunin. Ƙasusuwan manyan dabbobin da ake tonowa a Gadufawa, can yankin Agadas, shekarunsu miliyoyi ne, ba da kabon-14 ake auna su ba.